Shuɗin Na'ura, Shuɗin Karofi

Shekarar da ruwa ya ci gonar Kawu Nalado,
ita ce shekarar da Hambali mai awon filaye
ya sauka ƙauyenmu, can bayan Kura,
da baƙar jaka tana karkata masa kafaɗa
kamar mai ɗauke da tulu a gefe guda.

Ina ɗan shekara tara.
Hannun babana shuɗi ne har gwiwa,
ko sabulun salla bai taɓa fitar da shi ba.

Hambali ya zauna a bakin karofi,
ya buɗe ta bisa cinya kamar faifan tuwo.
Ya ce ta farko da ofishinsu ya samu
ba ta san komai ba sai toka da baƙi,
rubutunta kamar sawun tururuwa a murhu.
Wannan kuwa, in ji shi, sabuwar haihuwa ce,
kala ɗari biyu da hamsin da shida a cikinta,
kuɗinta ya fi na shanun noma har da garma.

Marina suka ajiye muciya.
Masu bugu suka yi shiru a rumfa.
Har Tabawa mai fura ta manta da ludayi.

Ta daɗe tana gurnani kafin ta farka.
Sai ga taswirar fadamarmu:
shinkafa kore, tumatir ja,
hanyar ruwa wani siririn zare shuɗi.
In ya motsa kibiya, sai ta bar inuwa a baya,
'yar wutsiya mai jinkirin ɓacewa,
mu yara muna bin ta da yatsa.

Babana bai ce uffan ba.
Ya leƙa ta dama, shuɗin ya koma toka.
Ya leƙa ta hagu, ya koma ruwan kunkun.
Ya goge hannu a zani, ya ce:
"Malam, rininka bai kama ba.
Shuɗin da ke sauyawa in ka karkata kai,
tsoma ɗaya aka yi masa.
Mu sai mun tsoma, mu ɗaga ya sha iska,
mu sake, mu sake, har rana ta gaji."

Hambali ya yi dariya, zai ba da amsa,
sai fitilar batir ta fara ƙyaftawa.
Ko la'asar ba a kira ba.
Fadama ta dushe, shinkafa ta mutu,
kaloli ɗari biyu da ɗoriya suka tafi tare,
ya rage gilashi baƙi
da fuskokinmu a ciki, baki buɗe.

Daren nan a batirin motar gwamnati ta kwana,
an lulluɓe ta da turkuɗin babana
don kada raɓa ta shige ta.

Yau ramukan karofi goma sha ɗaya
biyu ne kawai ke da ruwa.
Ni kuma ina da shago a bakin titi,
ina gyaran waya, ina sauya gilashi.
Kowane yaro na riƙe da kalolin da ba sa ƙirguwa,
ka juya su duk yadda kake so, ba sa gudu.

Bara ɗan Hambali ya kawo mini ita a buhun taki,
wai ko tagullar ciki za ta yi kuɗin cefane.
Maɓallai uku sun faɗi. Gizo ya yi saƙa a ramin faifai.
Na ɗauke ta, har yanzu nauyin nan.
Ban fasa ta ba.

A gefen murfin, inda babana ya dafa
ranar da ya leƙa dama, ya leƙa hagu,
akwai tabon babban yatsa.
Na kai shi hasken ƙofa, na karkata kai.
Shuɗi ne.
Na sake karkatawa.